Tsayuwar Ƙanena a Gaban Surukina

Ni ban san shekaruna da lissafi ba, amma na san abin da ya riga wani zuwa. Ranar da Nasara suka shigo Sakkwato ina goye a bayan innata, ita ta gaya mini, ta ce da ƙarar bindiga ta tashi sai ta shige da ni ƙarƙashin rumbu. Babbar yunwar nan da mutane suka riƙa tonon gidan tururuwa suna neman ƙwayar gero ta same ni na isa ɗaukar tulu. Murar nan da ta kwashe mutane gida gida kuwa, bayan ta lafa aka kai ni ɗakin miji. Abin da zan faɗa ya faru ina goyon ɗiyata ta biyu, tun jirgin ƙasa bai zo Gusau ba.

Gidanmu yana Ƙofar Kware. Babanmu malamin allo ne. Ba ya cikin manyan malaman da ake zuwa ɗaukar karatu wurinsu daga wasu garuruwa, amma ba wanda ya taɓa ɗaga masa murya a unguwa. Mu biyu innata ta raya, ni da ƙanena. Sauran duk sun koma tun suna ƙanana.

Ƙanen nan nawa ya sauke Alƙur'ani ke nan, ko tukwanen walima ba a gama mayar wa masu su ba, sai aka ce Nasara sun buɗe makarantar koyon sana'a a bayan gari, kowace unguwa ta ba da yara. Masu faɗa a ji suka ɓoye nasu. Mai unguwa ya zo zaurenmu, ya daɗe yana gaisuwa, yana tambayar lafiyar wannan da wancan, sannan ya faɗi abin da ya kawo shi. Babanmu ya ce Allah Ya sa haka shi ne mafi alheri. Innata ce ta yi kuka kamar an yi mutuwa.

Aikin katako aka ba shi. Kafinta, in ji su. A can yake kwana, sai ranar Juma'a ake sako su su gaida gida. Yana zuwa da wani wari a jikinsa, na abin da suke dafawa suna manna katako da shi, innata ta riƙa tura masa ruwa da sabulun salo tun daga bakin ƙofa. Ya yi tsawo a can, ya yi faɗin ƙirji. Shekarun da aka ɗiba musu suka cika, aka sallame su.

To, an sallame shi, sai me? Ya iya teburi, ya iya kujera mai jingina, ya iya taga mai buɗewa biyu. Wa zai hau kujera mai jingina a Ƙofar Kware a wancan zamani? Mutum ya bar buzunsa da tabarmarsa ya ɗare sama kamar kaza? Gidajen Turawa kuwa suna da nasu kafintocin da suka zo da su daga kudu. Baturen makarantar ya ce akwai aiki a Zariya, wurin masu gyaran taragon jirgi, duk yaron da yake so a tura shi. Innata ta ce sai dai bayan ranta. Yaro ya zauna a gida, ba zarto, ba katako, ya ci ya kwanta, ya fita ya dawo. Babanmu ya so ya mayar da shi karatun littattafai, amma tsaransa sun yi nisa, shi kuma hankalinsa ya riga ya koma hannunsa. Kome ya gani sai ya shafa shi ya ce ba a goge shi da kyau ba.

Ni kuwa gidan masassaƙa aka kai ni aure. Surukina, uban mijina, shi ne babba a sana'ar a wannan ɓangare na gari. Gajere ne, mai kaurin damtse, ba ya yawan magana. A ƙarƙashin cediyar ƙofar gida yake aiki, a zaune, ya miƙe ƙafa ɗaya ya riƙe icen da yatsunta, gizago yana sauka kamar ana kiɗa. Akushi, turmi, taɓarya, allo, ƙotar fartanya, kujerar mata 'yar tsugunno, duk daga hannunsa da na yaransa suke fita. Wanda ya zauna a gabansa har ya ce masa ya iya, ba ya rasa abin yi a Sakkwato har ya mutu.

Wata rana innata ta zo dubiyar ɗiyata. Da za ta tafi na raka ta zuwa shigifa, sai ta riƙe hannuna.

"Ke kaɗai nika da," in ji ta. "In yaron nan bai samu abin yi ba, Zariya za ta ɗauke min shi. Ki yi ma maigidanki magana, shi yi ma babanshi."

Na ce mata ta kwantar da hankalinta, an gama. Haka na ce, an gama. Ni dama ban saba roƙon abu a hana ni ba.

Amma magana da suruki ba a miƙe take tafiya ba. Ni ko fuskarsa ban taɓa kallo ba, sunansa kuwa ko mai irin sunan na ji ana kira sai na sunkuyar da kai. Na gaya wa maigida. Maigida ya ce shi ba zai iya tunkarar babansa da maganar ɗan makarantar Nasara ba, sai dai ta bakin uwarsa, wadda nake kira Gwaggo. Na yi wa Gwaggo fura mai kyau, na wanke mata kai, na yi mata kitso, sannan na faɗa. Ta ce za ta duba lokacin da ransa yake fari.

Kafin amsa ta fito, na cika gida da labarin ƙanena. Ba ƙarya na yi ba. Na ce yana yin akwati ba ƙusa ko ɗaya, katako ya shiga cikin katako kamar yatsu. Na ce ya sauke Alƙur'ani tun kafin a kai shi. Na ce ladabi kuwa a gidanmu ake shan shi da nono. Akwai ƙanwar mijina, wadda muke kusan tsara, bakinta ba ya hutawa. Ta ce, "To matar yaya, mu dai mu gani. Kar a kawo muna Bature baƙi mu rasa inda za mu aje shi." Na ce mata ta jira ta ga ɗan malamai.

Amsa ta fito. Tsoho ya ce a kawo yaron da hantsi ya gan shi.

Baffanmu ne ya rako shi, da ƙullin goro. Na sa an gaya wa innata ta ba shi farar rigar babanmu. Suka iso tsoho bai fito ba tukuna, aka shimfiɗa musu tabarma a gindin cediya. Yaran sassaƙa suna nan, maigida yana nan, da wasu dattawan unguwa da suka saba zama a wurin. Ni kuma na ja turmi kusa da zanan da ya raba cikin gida da waje, inda akwai wata 'yar kafa, ina daka ina leƙe. Ƙanwar mijina ta zo ta manne a kafaɗata.

Tsoho ya yi gyaran murya a zaure, ya fito.

Kowa ya san abin da ake yi. Wanda yake zaune ya gyara ya durƙusa, wanda yake da takalmi ya tuɓe, kai ya yi ƙasa, murya ta yi ƙasa. Haka kowa ya yi, har baffanmu da furfurarsa.

Ƙanena kuwa sai ya zabura ya miƙe tsaye. Ya haɗa dugadugai, ya manna hannuwa a cinya, ya turo ƙirji, ya ɗaga haɓa, ya dubi surukina cikin ido, ya buɗe murya kamar mai kiran wani a hayin gulbi: "Ina kwana, Baba!"

Taɓarya ta tsaya a hannuna. Wallahi na ji kamar an kware mini zane a tsakiyar kasuwa.

Tsoho ya tsaya. Kansa bai wuce ƙirjin yaron ba, sai da ya ɗaga fuska kafin ya gan shi. Ya dube shi, ya juya ya dubi baffanmu.

"Malam," ya ce, "dambe anka zo yi?"

Baffanmu ya kama gefen rigar yaron ya fizgo shi ƙasa. Ya faɗo kan gwiwoyinsa, yana waige-waige, bai san abin da ya yi ba. Baffa ya shiga ba da haƙuri, ya tura goro gaba. Tsoho ya zauna a kan buzunsa, aka gaisa, aka yi addu'a. Na ce a raina to, an wuce wurin.

Sai tsoho ya juya ga yaron ya ce, "Kai, mi anka koya maka can?"

Kafin ya rufe baki ƙanena ya sake zabura. Dugadugai a haɗe, hannuwa a cinya. "Aikin katako, Baba!"

Wannan karon yaran sassaƙa ba su iya riƙewa ba. Wani ya kifa kai a cikin akushin da yake rarakewa, kafaɗunsa suna rawa. Wani dattijo ya ce subhanallahi. Ƙanwar mijina ta toshe bakinta da zanena, tana mintsinina a baya, tana cewa, "Ɗan malamai! Ladabi da nono!"

Tsoho bai yi dariya ba. Ya sa aka miƙa wa yaron gizago da guntun icen aduwa, ya ce ya fitar masa da fuskar allo. A nan kam ban ji kunya ba. Ya juya icen, ya duba inda jijiyarsa ta bi, ya fara. Bai saba da gizago ba, amma hannun ya san ice. Sai dai a tsaye ya yi aikin, ya ɗora icen a kan wani kututture ya sunkuya a kansa, ya ba dattawa baya. Tsoho ya karɓa, ya shafa da babban yatsa.

"Hannu shina da kyau," ya ce wa baffanmu. "Amma ni zaune nika aiki. Babana zaune ya koya min. Ban san yadda aka koya ma wanda kanshi ke bisa nawa ba. Ku tahi da shi. In gwiwa ta koyi lanƙwasa, shi dawo."

Ranar ban ci tuwo ba. Gwaggo ta riƙa kallona tana girgiza kai. Maigida ya shigo ya ce, "Kin ja min." Iyakar abin da ya ce ke nan.

Washegari na nemi izini na tafi gidanmu. Na same shi a ɗakin innata, na rufe shi da faɗa. Na ce wane irin wulaƙanci ne wannan, a gidan surukaina, a gaban dattawa? A ina ya taɓa ganin an yi wa babba tsaye?

Ya ce, "Adda, wallahi girmama shi na yi."

Na ce, "Girmamawa? Ka tsaya mishi a ka kamar ɗan doka?"

Sai ya ɗage wandonsa ya nuna mini ƙwaurinsa. Tabbai ne a jere, tsofaffi, sun yi baƙi. Ya ce a makaranta ranar farko da Bature ya shigo, dukansu suka durƙusa, sai mataimakinsa ya bi su da bulala, ya ce nan ba a yin haka. In babba ya shigo a miƙe. In ya yi maka magana a miƙe, a dube shi a ido, a ɗaga murya. Wanda ya sunkuyar da kai, ana cewa ƙarya yake ɓoyewa. Ya ce shi yanzu ba ya ma sanin lokacin da yake tashi, ƙafar ce take yi da kanta. Na tambaye shi to yaya yake yi da babanmu. Innata ta ce ai tun da ya dawo ba ya yarda su haɗu, in ya ji tafiyarsa sai ya fice ta baya. Ita ta ɗauka kunyar zaman banza ce.

Na ce to, abin da bulala ta saka, ni zan cire shi.

Na yi ta zuwa gidanmu ina koya wa ƙato durƙuso. In zaunar da shi a tabarma, in fita, in yi gyaran murya irin ta surukina, in shigo. Ya zabura, in kwaɗa masa muciya a ƙafa. In sake fita. Innata tana gefe tana dariya tana share hawaye, tana cewa, "Ke, za ki karya min shi." Na ɗaura masa zane a ƙugu na ba innata ta riƙe, in ya motsa ta ja. Na koya masa ya dubi yatsun ƙafar mai magana. Na koya masa ya mayar da muryarsa ciki. Wani lokacin sai in bari ya shagala da cin abinci in faɗo ɗakin ba zato. A hankali ƙafar ta fara jin magana.

Ya koma gindin cediya. Tsoho ya fito, ƙanena ya yi ƙasa kamar kowa, har ya fi kowa. Tsoho ya ce, "Madalla," ya nuna masa wuri a ƙarshen layi, wurin masu feƙe ƙota. Na shiga ɗaki na yi sujada. Na aika wa innata da albishir da ƙwaryar fura.

Ya yi kwanaki yana zuwa. Yaran suna ce masa ɗan tsaye, bai kula su ba. Zaman yana ba shi ciwon baya, da yamma sai ya shigo wurina ya miƙe a ƙasa, ɗiyata ta farko tana hawa kansa. Ba a daɗe ba tsoho ya matso da shi kusa, ya fara nuna masa yadda ake rarake akushi. Na koma ɗaga kai a tsakar gida. Na ce wa ƙanwar mijina, "Ina bakin naki?" Ta ce tana ajiye da shi.

Ran nan da hantsi ina shanyar gero kusa da zana, sai na ji yara suna ihu suna bin wani abu. Na leƙa. Bature ne a kan basukur, wato keke, da hular kwano, ya tsaya a gindin cediya. Ashe Baturen makarantar ne, ya zo neman akussa zai kai ƙasarsu. Masu wucewa suka zube suna cewa zaki, yaran sassaƙa suka durƙusa. Tsoho dama a zaune yake, bai motsa ba. A lokacin yana riƙe da hannun ƙanena, hannu a kan hannu, yana nuna masa yadda ake juya ƙarfe a cikin akushi.

Na ga ƙanena ya ɗaga ido ya ga Baturen. Na ga ƙafarsa ta motsa. Na ce a raina, kar ka yi, don Allah kar ka yi.

Ya fizge hannunsa daga na tsoho ya miƙe. Akushin ya gangara cikin ƙasa. Dugadugai a haɗe, hannuwa a cinya, ƙirji a waje.

Bature ya washe baki. "A'a! Yaro nawa! Kai yana nan?" Ya jingina basukur, ya zo ya dafa kafaɗarsa, ya juya ga surukina yana cewa wannan yaro mai kyau ne, shi ya koya masa, hannunsa babu na biyu. Ya ce har yanzu akwai wuri a Zariya. Ƙanena yana tsaye yana amsawa da ƙarfi, inuwarsa a kan tsoho. Bature ya zaɓi akussansa ya hau ya tafi, yara suka bi shi.

Sai a lokacin ƙanena ya duba ƙasa. Ya zube. Ya ce, "Baba, ka yi haƙuri."

Tsoho ya miƙa hannu ya ɗauko akushin, ya kaɗe ƙasar da ke ciki, ya ajiye a gefensa.

"Ba ka yi min laihi ba," ya ce. "Jikinka ya san maigidanshi. Ɗauki takalmanka ka bi shi."

Maigida ya sa baki, dattawa suka sa baki. Daga baya babanmu da kansa ya taka ya zo, abin da bai taɓa yi ba tun da aka kai ni gidan. Tsoho ya karɓe shi da girmamawa, ya raka shi har bakin hanya, amma bai sauya ba. Ya ce yaron da ya zare hannu daga hannunsa a gaban jama'a, in ya mayar da shi, sauran ba za su ƙara zama ba.

Bayan sallar layya ƙanena ya bi fatake zuwa Zariya. Innata ta yi masa dakuwa da ƙuli-ƙuli ta ɗaure a tsumma. Ba ta taɓa ce mini ke kika ce an gama ba. Da ta faɗa da ya fi mini sauƙi. In na je gidan sai ta tashi ta kawo mini ruwa kamar baƙuwa, ta tambayi yara, mu zauna.

A gidan miji kuwa abin ya zama wasa. In na shigo tsakar gida da tulu, ƙanwar mijina da ƙananan yara su zabura su jeru, hannuwa a cinya, su ce, "Ina kwana, matar yaya!" Har matan maƙwabta suka koya. Na daina zuwa biki a unguwar na wani lokaci mai tsawo. In zan kai wa surukina ruwan alwala sai in ajiye a bakin zaure in gudu, kada ma ya ji motsina ya tuna daga gidan da na fito. Shi bai taɓa canza mini ba, har ya rasu yana aiko mini da goro ranar Juma'a. Wannan ma wata kunyar ce.

Ni dai ban yi wa kowa laifi ba, kuma ba wanda zai ce gidanmu ba a koyar da ladabi. Amma har yau in na ga yaran makaranta sun zabura sun miƙe don malaminsu ya shigo, ana yaba su, sai in ji fuskata ta yi zafi, in kau da kai.

Ƙanena ya zama babban kafinta a can, har da yara a ƙarƙashinsa. Ya riƙa aiko da tufafi. Innata ta rasu yana Zariya, saƙo bai kai gare shi ba sai bayan an yi sadakar bakwai. Ya zo gaisuwa, ya kwana a zaure, ya koma. Ba mu yi maganar cediya ba, ba mu taɓa yi ba.

Cikin waɗanda suka ga abin nan, tsoho da Gwaggo da baffanmu da maigida duk sun riga mu. Saura ni. Sai ƙanwar mijina, tana Runjin Sambo wurin ɗanta, kunne ya tafi, sai an yi mata ihu. Sai ɗaya daga cikin yaran sassaƙa, wanda jikokinsa suka ɗauke shi suka kai Arkilla, an ce ba ya fita. Ƙanena ma yana nan da rai a Zariya, idonsa ya yi rauni. Bara jikokinsa suka zo gaishe ni, ba su jin rabin abin da nake faɗa, sai an maimaita musu.